Gashin Bakin Da Arvo Ya Zana

Duk mai sayen tsofaffin katunan 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara a intanet kukansa ɗaya ne: an yabi kati a rubuce, ya iso hannu ya tarar ba haka ba. A ce maka kusurwoyinsa tsaf suke, ka buɗe ambulan ka ga kamar ɓera ya ɗanɗana. A ce babu lanƙwasa, ka karkata shi a haske ka ga layi ya ratsa fuskar ɗan wasan daga kunne zuwa kunne. Na gaji da jin wannan kuka a teburin kicin ɗina daga bakin Myron Hladun, aminin mijina, wanda yake kasa katunansa a zauren tsofaffin sojoji duk ƙarshen wata a nan garin Thunder Bay na Kanada. Mijina Reino kuwa shi kaɗai na sani a duniya da yake shiga shafin gwanjo yana neman katin da ya fi kowanne lalacewa.

Dalilinsa Arvo ne, yayansa. Suna yara a cikin ƙunshin cingam ake samun waɗannan katuna, babu wanda ya ɗauke su dukiya. A maƙala su a wayoyin ƙafar keke don su yi ƙara kamar babur, a jefi bango da su a ga na wa zai fi matsawa, a kafe su da ƙusa a saman gado. Shi Arvo nasa halin daban. Ba ya barin ɗan wasa da fuskar da aka haife shi da ita. Da katin ya shigo hannunsa zai zaro fensir ya yi masa gashin baki, kuma da yake bahago ne, kullum gefe ɗaya sai ya murɗe sama kamar ƙugiya, ɗayan ya zubo ƙasa. Idan aka sayar da ɗan wasa ga wata ƙungiya, sai ya juya bayan katin ya soke sunan tsohuwar ya rubuta sabuwar da manyan baƙaƙe. A kwalin takalmi yake tara su, kuma Reino bai isa ya taɓa ba sai ya wanke hannu.

Arvo bai cika ashirin ba ya tafi aikin sarar itace a daji, gungume ya suɓuce daga kan mota ya faɗo masa. Mahaifiyarsu, Aili, mace ce da ba ta kuka a gaban mutane. Wata rana Reino ya dawo daga makaranta ya tarar rabin ɗakinsu wayam. Ta kwashe komai, riguna, takalman ƙanƙara, kwalin katunan, ta kai gwanjon coci. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake furta sunan yaron ba, kuma na zauna da ita tsawon shekaru, na sani. Abin da ya rage hoto ɗaya ne da aka ɗauka a bakin tafki, shi ma daidai lokacin ya juya yana kiran kare. Ƙeyarsa da kunne ɗaya, su ne yayan mijina a kan kantarmu.

Da Reino ya yi ritaya daga rumbunan alkama, 'yarmu ta ba shi kwamfuta don ya riƙa ganin jikoki. Jikokin dai yakan gan su jefi-jefi. Abin da ya koya da gaske shi ne rubuta kalmomi uku a shafin gwanjo: lalatacce, da rubutu, da zane. Tunaninsa shi ne kwalin nan wani ne ya saye shi, kuma kati ba ya ruɓewa, yawo yake yi daga hannu zuwa hannu.

Matsalar ita ce masu sayarwa ba sa ɓata lokacinsu a kan lalataccen kati. Mai kyau za su ɗauke shi hoto gaba da baya, su bayyana kowace kusurwa kamar ana neman masa aure. Lalatacce kuwa sai dai a rubuta "akwai zane", a liƙa hoto dishi-dishi da aka ɗauka a kan bargo. Haka Reino zai saya a makance. Durowar da nake ajiye tawul ɗin kicin ta cika da ɓarnar 'ya'yan wasu: tabarau, ƙaho, haƙoran da aka baƙanta da biro, gemu iri-iri. Ya duba kowanne, ya girgiza kai, ya jefa.

"Tsoho," nakan ce masa, "yaran Kanada kaf sun yi zanensu mun biya. Saura na Amurka."

"Ai na fara," yakan ce, ko kallona ba ya yi.

Wata safiya cikin tsakiyar sanyi ina soya fanken Finland, irin siririn nan da yake so, na ji ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Dori. Sauke kaskon nan ki zo."

A fuskar kwamfutar akwai katin Norm Zaluski, wani mai tsaron raga ɗan unguwarsu da ya ɗan taɓa buga wasa a manyan ƙungiyoyi kafin gwiwa ta ci amanarsa. Hoton tar yake. A saman leɓensa ga gashin baki na fensir, gefe ɗaya ya murɗe sama kamar ƙugiya, ɗayan ya zubo. Reino ya danna hoton bayan katin. An soke sunan ƙungiya, an rubuta wani da manyan baƙaƙe masu jingina baya.

Mai sayarwar wani ne Curtis, a garin Brandon. Ban taɓa ganin bayani mai gaskiya irin nasa ba. Bai bar komai ba: hujin ƙusa a sama, lanƙwasa a kusurwar ƙasa, gefuna sun cinye, tabon cingam a baya, zanen fensir a fuska, rubutun yaro a baya. Har ya ƙara da cewa kada wanda yake neman katin adana dukiya ya saya.

Na ce, "To me kake jira? Rubuta masa. Ka ce na yayanka ne da ya rasu, ka tambaye shi ko yana da sauran."

Da ya bi maganata a lokacin da shi ke nan. Amma namiji idan abu ya girgiza shi, abokinsa yake kira. Kafin fanken ya huce Myron ya iso, yana karkaɗe dusar ƙanƙara a kan tabarmar ƙofata, gilashin duba katinsa yana lilo a wuya kamar wani likita.

Ya karanta bayanin, ya jinjina kai. "Kai, wannan ya san aiki. Ko ni ba na tona wa kayana asiri haka." Sai ya ji abin da na ce a rubuta, ya dafe ƙirji. "Doreen, so kike ki kashe mini aboki? A gaya wa mai sayarwa ana so? A wannan harkar?"

"Mutum ne fa, Myron. Ba kura ba ce."

"Ke dai soya fankenki. Na shekara nawa a bayan tebur? Ka ce masa na yayanka ne, yanzu zai sauke katin daga shafin, ya ce wani ya riga ka tayawa, ya dawo da shi gobe da kuɗin mota. Wannan ma mai sauƙi ke nan. In ɗan iska ne, ya ga irin zanen da kake nema, fensir nawa yake? Ya zauna ya yi wa katuna ɗari gashin baki, ya riƙa sayar maka ɗaya-ɗaya har ka mutu, kana rungumar zanen wani ƙato a Brandon kana kuka."

Wannan maganar ce ta kama Reino. Na ga fuskarsa ta canza. Kuɗi bai dame shi ba, amma a ce ya riƙe na jabu yana zaton hannun Arvo ne, wannan ba zai iya ba.

"To ya zan yi?" ya ce.

"Yadda kowa yake yi, mutumina. Kushe shi. Ka nuna kamar taimakonsa za ka yi ka raba shi da shara. Matsa in gaya maka."

Ina tsaye da cokali a hannu suka haɗa saƙon, Myron yana faɗa, Reino yana dannawa da yatsa ɗaya. Wai katin ba laifi, yana son Zaluski don ɗan garinsu ne, sai dai wannan ƙazantar fensir ta gama ɓata shi, abin takaici ne yadda yara suke lalata kaya, da babu ita da ya saya ba ciniki, amma a haka sai an rage. Reino ya tsaya a kan kalmar ƙazanta, ya daɗe. Myron ya ce, "Danna mana, ai ba a coci kake ba." Ya danna.

Kafin azahar amsa ta zo. Curtis ya yarda da tayin, ya gode, ya ce zai kai gidan waya bayan ƙarshen mako. Myron ya cinye fanken da na soya wa mijina, ya tafi yana taƙama kamar shi ya ci kofin duniya.

Kwanakin jiran nan ba zan manta da su ba, kuma su ne suka fi ci mini rai yanzu. Reino ya sayo ƙaramin firam, ya matsar da hoton ƙeyar Arvo gefe ya yi wa katin wuri. Kowace safiya sai ya share hanya da shebur har bakin titi, wai kada mai kawo wasiƙa ya ga tudun ƙanƙara ya wuce. Kuma bakinsa ya buɗe. Mutumin da na aura tun ina yarinya, wanda sunan yayansa ba ya fita daga bakinsa sai da ƙyar, ya zauna yana ba ni labari. Yadda Arvo ya yi wa hoton fasto gashin baki a takardar coci, mahaifinsu ya fita waje wai zai nemo bulala, ashe dariya ya je yi a bayan rumbun itace. Yadda yake lasar bakin fensir kafin ya fara. Yadda yake cewa Zaluski ba shi da kwarjini, dole a taimaka masa. Ranar Asabar a ɗakin sauna, inda ake wankan tururi, har na jiyo shi yana waƙa.

Ambulan ɗin ya zo a ɗaure da kyau, kwali gaba da baya, katin a cikin roba mai tauri. Reino ya je ya wanke hannu tukuna. Ya zauna, ya yanke tef ɗin a hankali da wuƙar aljihu, ya zaro.

Zaluski ya kalle mu da leɓe fes kamar na jariri.

Na ce, "Sun yi kuskure, wani suka aiko." Reino ya girgiza kai. Ya nuna mini hujin ƙusar a sama. Ya juya bayan katin: sunan tsohuwar ƙungiya yana nan daram, babu sokewa, babu manyan baƙaƙe. Lanƙwasar kusurwar ma ta kwanta. Ya kai katin bakin taga ya karkata shi ta nan, ya karkata ta can, ko zai ga sawun da bakin fensir ya bari. Ko ɗigo babu.

Akwai lambar waya a ɗan katin shagon da aka haɗo da shi. Reino ya buga ya buɗe sifika, don kunnensa ɗaya injinan rumbu sun cinye. Murya ta amsa, ta saurayi mai fara'a.

"A'a, Mista Kivela! Ya iso ke nan? Ka ga mutumin naka? Ya yi kyau ko?"

"Ina zanen?" Reino ya ce.

"Na cire maka, yallaɓai. Ai da na karanta saƙonka sai na ji ba daɗi, na ce dattijo yana son ɗan garinsu, a bar shi da wannan ƙazanta? Sa'ar da aka yi fensir ne, ba biro ba. Akwai wata kilina mai laushi ta masu zane, ba gogewa ake ba, dannawa ake a ɗaga, a danna a ɗaga. Sai ɗan danshi kaɗan, a sa shi tsakanin gilashi biyu a ɗora nauyi ya kwana, sawun ya tashi. Wasu kuɗi nake karɓa a kan wannan, kai kyauta na yi maka. Har hoton da bayanin na canza a shafin kafin in rufe cinikin, don ni ba na son abin da na rubuta ya saɓa da abin da na aika."

Na leƙa kwamfutar. Gaskiyarsa. Tsohon hoton babu shi, sai sabon, kuma mu biyu tsofaffin banza babu wanda ya yi tunanin adana na farkon.

Reino ya ce, "Shi kaɗai ne... mai irin zanen?"

Curtis ya yi dariya. "Ina fa! Kwalin takalmi guda, cike. A kayan wani mamaci na same shi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin gwanjon coci-coci. Kowane ɗan wasa da gashin bakinsa, wani shaiɗanin yaro ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Zaluski na fara sawa in gwada kasuwa. To maganarka ce ma ta buɗe mini ido, na ce gaskiya dattijon nan ya faɗa, fensirin ne zai hana su tafiya. Na zauna da su ƙarshen mako, ni da matata, har wuyanmu ya ƙage. Yanzu kam tafiya suke kamar me."

"Za ka iya ware mini su?"

"Kai, da wuya. Na riga na zuba su cikin sauran kaya, kowanne a shekararsa da lambarsa, wasu ma sun tafi. Kuma ni kaina ba zan gane su ba, yallaɓai. In ana ganewa ai ban iya aikin ba ke nan."

Reino yana kallon firam ɗin da ya saya.

"Yayana ne ya zana su," ya ce. "Ya rasu yana yaro. Ba mu da komai nasa."

Da Curtis ya sake magana, fara'ar ta tafi.

"Haba, yallaɓai. Haba. Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Da kwalin gaba ɗaya zan aiko maka, ko sisi ba zan karɓa ba. Da zanen nan a jikinsu ai ba su da wata daraja a wurin kowa."

Reino ya ce ya gode, don haka aka tarbiyyantar da shi, ya kashe wayar.

Na so in tsani yaron nan, na kasa, kuma wannan ma wani baƙin cikin ne. An ce masa ƙazanta ce, ya share. Wanda na iya tsana, Myron, ya zo da yamma da kansa, ya ji labari a tsaye, ya ce kash, ya ce wa zai yi zaton haka. Sai ya ɗauki katin, ya manna gilashinsa a ido, ya bi leɓen Zaluski a hankali. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Tabɗi. Amma fa yaron nan ya iya. Ko masu tantancewa ba lallai su kama wannan ba. Reino, ka san yanzu ya ninka abin da ka biya?"

Na ɗauke kofin da na zuba masa na juye a wurin wanke-wanke, na miƙa masa hularsa.

"Doreen, ni fa taimako na yi. Haka ake yi, kowa ya sani."

"Na sani, Myron. Ku duka kun iya. Kai ka iya saye, shi ya iya sayarwa. Fita mini daga gida."

Reino bai tare ni ba, bai kuma raka shi ba. Har yau suna gaisawa a kanti, amma Myron bai sake zama a teburina ba.

Bayan 'yan kwanaki shafin ya aiko da tambayar da yake yi wa kowane mai saye: shin kayan ya dace da bayaninsa? Ni na ce a ba Curtis tauraro ɗaya cikin biyar a rubuta dalili. Na nemi inda ake ƙorafi, akwai wurin wanda aka aiko wa abin da ya fashe, da na wanda aka aiko wa jabu, babu na wanda aka aiko wa abin da ya fi yadda aka faɗa. Reino ya karanta sabon bayanin a fili, a hankali: hujin ƙusa a sama, gefuna sun cinye, fuska tsaf, babu zane, babu rubutu. Ya dubi katin.

"Ai bai yi ƙarya ba," ya ce. Ya ba shi taurari biyar.

Katin yana cikin firam ɗin, kusa da ƙeyar Arvo. Na ce a cire, ya ce a bari, ai hannun Arvo ya taɓa shi. Labaran nan da suka ɓalle masa sun koma inda suka fito, waƙar sauna ma ban sake ji ba. Na zaci zai rufe kwamfutar ya huta, har na kwashe ɓarnar 'ya'yan mutane daga durowata na mayar da tawul. Amma jiya da safe na kawo masa kofi na tarar da shi a gabanta, hanci kusan a jikin gilashi. Ya canza kalmomin da yake nema. Yanzu tsaf yake rubutawa, da babu zane, da babu rubutu. Ya buɗe kati, ya ƙara girman hoton har leɓen ɗan wasan ya cika fuskar kwamfutar, ya daɗe yana kallo, ya rufe, ya buɗe na gaba.

Da can lalatattu yake bi, su kuwa 'yan kaɗan ne, mutum yana iya sa ran ƙure su kafin ya mutu. Na duba saman shafin in ga adadin masu tsabtar da ya samo masa. Na ajiye kofin ban gaya masa ba.

"Dori," ya ce, bai juyo ba, "zo ki duba wannan. Kamar akwai ɗan duhu a gefen bakin nan, ko idona ne?"